Mai Bashi Da Ajiyar Asirin Ƙasa A Amurka

Bayan sallar isha'i ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, kwamfuta a hammata, jakar takardu a hannu. Ɗan abokina ne tun na Zariya, Kawu yake ce mini. Ya yi aikin soja a nan Amurka, ya samu takardar zama ɗan ƙasa, ya fito ya zauna kusa da mu a jihar Maryland. Wani kamfani da ke kula wa ma'aikatar tsaro da na'urori ya ɗauke shi aiki, da sharaɗin gwamnati ta amince ta ba shi izinin ganin bayanan sirri. Shi ya sa ya kwana uku yana fama da fom ɗin nan da ake kira SF-86, mai shafi fiye da 100, wanda ba ya raga wa mutum komai: gidajen da ka zauna cikin shekara 10, wuraren da ka yi aiki, danginka na ƙasashen waje, tafiye-tafiyenka, ko an taɓa kama ka. Duk ya cike bai ji ɗar ba, har ya iso sashe na 26, sashen kuɗi. Nan hannunsa ya tsaya.

Ya juyo mini fuskar kwamfutar. Ana tambayarsa ko a shekara 7 da suka wuce an taɓa miƙa wani bashinsa ga kamfanin karɓo bashi, da ko akwai bashin da ya haura kwana 120 bai biya ba.

Ya ce, "Kawu, in na ce e, aikin nan ya tafi. In na ce a'a, wa zai sani?"

Na san bashin, don a gabana aka ci shi. Haihuwa ta zo wa matarsa da gardama, aka yi mata aiki, jaririn ya yi kwanaki a kwalba, kuma abin ya faɗo daidai tsakanin barin wani aiki da samun wani, lokacin da inshorar lafiyarsa ta yanke. Takardun asibiti suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa tura su cikin durowa ba ya ko buɗe ambulan. Katin bashi biyu suka cika. A duk wannan hali, kuɗin da yake aika wa mahaifiyarsa duk wata bai taɓa yankewa ba, kuma ita ba ta san komai ba.

Na ce masa, "Ɗana, su za su sani. A ƙarshen fom ɗin nan za ka sa hannu ka ba su damar ciro rahoton basussukanka, kuma mai binciken da zai zauna da kai ya karanta shi tun kafin ya gaishe ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na tuna masa cewa ƙarya a wannan fom laifi ne da dokar tarayya ta tanadar wa ɗauri har na shekara 5, kuma ko ba a kai ka kotu ba, an fi yafe bashi a kan a yafe ɓoye shi. Ya daɗe yana kallon allon, shayinsa ya huce, sannan ya danna e.

Tun daren nan maganar ba ta bar raina ba. Mu Hausawa in muka ce mutum yana da rufin asiri, muna nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da ya kai ƙoƙon bara gaban kowa ba. To ga gwamnati tana so ta ba mutum ajiyar asirinta, sai ta fara duba ko nasa asirin a rufe yake. A ganina tana da hujjar yin haka, kuma ba na cikin masu cewa bashin mutum ba ruwan kowa. Abin da nake ja da shi shi ne yadda ake auna amsar, da waɗanda sandar ta fi sauka a kansu, da kuma tsoron da tsarin yake jefawa a zukatan mutane har su ɓoye abin da ɓoye shi ne haɗarin.

Mutane da yawa in sun ji ana maganar izinin sirri sai su ɗauka harkar 'yan leƙen asiri ce kaɗai. Fiye da mutum miliyan 4 ne aka tantance a Amurka don wannan izini, a matakai uku, kuma mafi yawansu sojoji ne da injiniyoyi da masu gyaran jiragen ruwa da masu fassara da masu gadi da masu kula da kwamfutoci. Ga irin waɗannan mutane izinin shi ne aikin. In an janye shi, sau da yawa albashin ya tafi tare da shi. Ana auna kowa da ƙa'idoji 13 da ofishin Daraktan Leƙen Asiri na Ƙasa ya fitar, waɗanda sigarsu ta yanzu ta fara aiki a watan Yunin 2017. An jera su daga A zuwa M, akwai ta biyayya ga ƙasa, ta alaƙa da ƙasashen waje, ta shan giya, ta ƙwayoyi, ta laifuffuka. Ta F ita ce ta kuɗi. Abin da take cewa a taƙaice: wanda ya kasa zama daidai da samunsa, ko ya kasa biyan abin da ake bin sa, wataƙila ba ya iya riƙe kansa ko ba ya ganin girman doka, kuma wanda kuɗi ya matse yana iya faɗawa haramtacciyar hanya don ya samu. Ta kuma haɗa da dukiyar da ba a san inda ta fito ba.

Akwai wani ofishin sauraron ƙararraki na ma'aikatar tsaro da ake kira DOHA, wanda ke yanke hukunci a kan ma'aikatan kamfanonin kwangila, kuma yana wallafa hukunce-hukuncensa ba tare da sunaye ba. Duk mai bibiyar su ya san cewa maganar kuɗi ce ke kan gaba shekara da shekaru a dalilan hana mutane izini, ta fi ƙwaya, ta fi giya, ta fi alaƙa da ƙasashen waje.

Gwamnati ba daga sama ta tsinci wannan tsoro ba, an sha ta ne ta warke. Aldrich Ames babban jami'i ne a hukumar CIA, a sashen da ke sa ido kan Tarayyar Sobiyet. A 1985 rabuwa da matarsa ta farko da kashe-kashen sabuwar rayuwa suka tara masa bashi. A watan Afrilun shekarar ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Sobiyet da ke Washington, ya nemi dala 50,000, aka ba shi. Daga nan ya miƙa sunayen Rashawan da ke yi wa Amurka aiki a ɓoye, aka kashe aƙalla goma daga cikinsu. Kafin shi akwai Ronald Pelton na NSA, hukumar da ke sauraron sadarwar ƙasashen waje, wanda ya ayyana karayar arziki a kotu a 1979, ya ajiye aiki, sannan ya je ya sayar wa Sobiyet labarin yadda Amurka ke satar sauraron wata wayar sadarwa da ke ƙarƙashin tekun Okhotsk. Abin da ya samu bai wuce dala 35,000 da 'yan kai ba. Sai Brian Regan, tsohon sojan sama mai 'ya'ya huɗu, wanda bashin kati na kusan dala 117,000 ya yi wa katutu, har ya tsara wasiƙa zuwa ga Saddam Hussein yana neman dala miliyan 13. An kama shi a filin jirgin sama na Dulles a watan Agustan 2001, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 2003.

Wanda ya ji waɗannan ya ce bashi ba ya karya amana, bai yi wa kansa adalci ba. Mu kam ba sai Amurka ta koya mana ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan neman tsari daga zunubi da bashi, har aka tambaye shi dalili, ya ce mutum in bashi ya kama shi, sai ya yi magana ya yi ƙarya, ya yi alƙawari ya saɓa. Na ga wannan da idona a kan yaron da na sani mai gaskiya tun yana rarrafe, a daren da ya tambaye ni wa zai sani. Bashi ne ya kai shi bakin wannan tambaya, ba halinsa ba ne.

Amma a sake duba labarin Ames da kyau. Bayan ya fara cin amana, bashi ya ƙare masa. Abin da ya bayyana a kansa dukiya ce. A 1989 ya sayi gida a Arlington a kan dala 540,000, kuɗi hannu, yana hawa Jaguar, alhali albashinsa bai kai dala 70,000 a shekara ba. Ya ce dangin matarsa 'yar Kolombiya ne masu hali, aka yi shiru. Ya wuce gwajin na'urar gano ƙarya sau biyu. Shekara tara yana wannan aiki kafin a kama shi a watan Fabrairun 1994. Hukumar da ta yi shekaru ba ta gano inda babban jami'inta ya samo rabin miliyan ba, 'yar uwarta ce za ta tsare mai gyaran kwamfuta a kan takardar asibitin haihuwa. Sannan manyan ɓarakar fallasa bayanan sirri da aka samu daga baya, ta wani soja mai suna Manning a 2010 da ta Edward Snowden, ma'aikacin kwangila a NSA, a 2013, babu wanda ya ce bashi ne ya jawo su. Ba ina cewa a daina duba bashi ba ne. Ina cewa bashi ya fi komai sauƙin gani, tunda lamba ce a takarda, kuma abin da ya fi sauƙin gani shi ake yawan hukuntawa ko da ba shi ne mafi haɗari ba.

In aka karanta ƙa'idar a rubuce, ba ta da zafi. Babu wani adadin kuɗi da aka ce in ka kai shi ka faɗi. Mai bashin gida na dubban ɗaruruwa da yake biya a kan kari ba shi da matsala, mai bashin karatu ma haka. Har ayyana karayar arziki a kotu ba ya rufe ƙofa kai tsaye. Ƙa'idar ta lissafa uzurori: rasa aiki, faɗuwar kasuwa, rashin lafiyar da ba a zata ba, mutuwa, mutuwar aure, faɗawa hannun masu ba da bashi na zalunci, ko satar bayanan mutum. Sharaɗin shi ne a ga mutum ya yi abin da mai hankali zai yi a wannan hali, ya nemi masu bin sa, ya tsara biya, ya kuma riƙe tsarin. An ce a duba mutum gaba ɗayansa, kada a tsaya a kan aibi ɗaya.

A wajen aiki da ita ne gizo ke saƙa. Da zarar gwamnati ta nuna bashin yana nan, nauyin hujja ya koma kan mai nema, kuma ƙa'ida ce cewa duk shakkar da ta rage a warware ta ta wajen tsaron ƙasa. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1988, a shari'ar wani lebura mai suna Egan da ke aiki a sansanin jiragen ruwa na yaƙi a jihar Washington, cewa babu wanda yake da haƙƙin a ba shi wannan izini, kuma in za a yi kuskure gara a yi shi wajen hanawa. Tun daga nan kotuna ba sa shiga su auna ko hukuncin ya yi daidai. Ma'aikacin kwangila in aka aiko masa da takardar dalilan da ake shirin hana shi, kwana 20 gare shi ya amsa. Gwamnati na da lauyanta, shi kuwa in yana son lauya sai ya biya daga aljihunsa, aljihun da rashin abin cikinsa ne ya kawo shi nan. Da yawa sukan zaɓi a yanke hukunci a kan takardu ba tare da sun bayyana gaban alƙali ba, don tsoro ko don rashin sani, sai alƙali ya rubuta cewa mutumin ya ce ya biya amma bai kawo rasit ba. In an hana ka, sai bayan shekara guda za a sake neman maka.

A nan ne nake ganin ba hali kaɗai ake aunawa ba, har da gata. Mutum biyu suka faɗa rami ɗaya. Ɗaya yana da uba mai gidaje, ya buga masa waya, aka share bashin cikin mako guda, rahotonsa ya fito fes. Ɗayan shi ne uban gidansu, shi ake buga wa waya. Na farkon ba a taɓa gwada amanarsa ba, na biyun kullum cikin gwaji yake kuma bai saci ko sisi ba, amma shi ne takarda za ta nuna da alamar tambaya.

Bashin asibiti shi ya fi ci mini rai. Hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta ƙiyasta a 2022 cewa akwai bashin asibiti na dala biliyan 88 a rahotannin basussukan mutane. Manyan kamfanonin da ke tara waɗannan rahotanni, Equifax da Experian da TransUnion, su da kansu suka cire wanda aka riga aka biya a 2022, suka cire wanda bai kai dala 500 ba a 2023. Ba wanda ke zuwa ɗakin tiyata don son holewa. Ƙasar da ta zaɓi ta bar lafiya a hannun kasuwa, ta ɗaura inshorar mutum a jikin aikinsa, bai kamata ta juyo ta karanta takardar asibiti a matsayin shaidar rashin kamun kai ba.

Wani lokacin ma gwamnatin ce da kanta ke jefa mutanenta cikin bashin. Daga 22 ga Disamban 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019, rigimar kasafi tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisa ta tsayar da wasu ayyukan gwamnati kwana 35. Ma'aikata kusan 800,000 ba su ga albashi ba, har dakarun tsaron gaɓar teku aka tsallake ranar biyansu suna bakin aiki. Ma'aikatan gwamnati an biya su daga baya, amma na kamfanonin kwangila da yawa abin da ya wuce ya wuce. Mai gidan haya bai jira majalisa ba, banki ma haka. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta sauka, William Evanina, shugaban cibiyar daƙile leƙen asiri ta ƙasa a lokacin, ya fito ya tunatar da hukumomi cewa kada a cutar da mutane a kan matsin kuɗin da ba su suka jawo ba. Na yaba masa. Sai dai annoba ta kan faɗa wa gida ɗaya ba tare da ta zama labarin duniya ba, kuma mai wannan gida babu wanda zai fitar da sanarwa dominsa.

Akwai darasi a abin da ya faru da ƙananan sojoji. Shekaru da dama shagunan bashin kafin albashi sun yi layi a bakin ƙofofin barikoki, suna ba da 'yan ɗaruruwan daloli da kuɗin ruwa da in aka lissafa shi a shekara yakan kai kashi 400 cikin ɗari. Ma'aikatar tsaro ta kai wa majalisa rahoto a 2006 cewa abin yana lalata shirin dakarunta, majalisa ta yi dokar da ta hana a caji soja da iyalinsa fiye da kashi 36. Wannan shi ne gyara daga tushe, an toshe ramin maimakon a tsaya ana ƙirga waɗanda suka faɗa. Ma'aikacin kwangila da ke zaune kujera ɗaya da sojan, yana ganin sirri iri ɗaya, wannan kariya ba ta kai gare shi ba.

Yanzu kuma an daina jiran shekara 5 ko 10 kafin a sake binciken mutum. Tun 2021 ma'aikatar tsaro ta sanar da cewa ta shigar da duk masu izininta cikin tsarin sa ido na kullum, inda na'ura ke bin bayanan kotu da na bashi da na tafiye-tafiye. Masu riƙe da izini mafi girma dole su kai rahoton kansu in bashi ya haura kwana 120, ko an fara cire musu albashi da umarnin kotu, ko kuɗi ya shigo musu na ba-zata da ya kai dala 10,000. Wannan tsari zai iya zama alheri in an yi amfani da shi don a tarbi mutum da wuri. Zai iya kuma zama abin da zai sa mai matsala ya ƙara nutsewa, ya ci sabon bashi mai tsada don ya toshe tsohon kafin na'ura ta gani, ko ya karɓi kuɗi a hannun wanda ba ya rubutawa a ko'ina. Wannan bashin na ƙarshe shi ne wanda ɗan leƙen asirin waje ke nema. Bashin da shugabanka ya sani, matarka ta sani, jami'in tsaron wurin aikinka ya rubuta, ba wanda zai yi maka barazana da shi. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kuma a tuna cewa janye izini ba ya goge abin da mutum ya riga ya sani. Pelton ya bar aiki kafin ya sayar da abin da ke kansa. Kevin Mallory, tsohon jami'in CIA da aka ɗaure shekara 20 a 2019 saboda sayar wa China bayanai, ya daɗe da barin gwamnati, bashi ya yi masa yawa, biyan kuɗin gida ya gagare shi, sannan aka lallaɓo shi ta LinkedIn, shafin intanet na masu neman aiki, a 2017. Mutumin da ya shekara goma yana ganin sirri, matsala ta same shi, aka raba shi da albashinsa aka sallame shi da bashinsa da ɓacin ransa, ban ga yadda aka rage haɗari ba.

Kada a ɗauka kowane mai bashi nake karewa. Akwai wanda yake da hali ya ƙi biya, kuma hadisi ya kira jinkirin mawadaci zalunci. Wanda ya shekara biyar bai cike takardar haraji ba yana cin albashi daga harajin wasu, wanda kotu ta yanka masa kuɗin ciyar da 'ya'yansa ya yi biris, wanda caca ta cinye, wanda ya zauna yana jiran shekaru su wuce bashin ya faɗi daga rahoto, ko wanda bai motsa ba sai da takardar gwamnati ta iso sannan ya fara rawar jiki, waɗannan alƙalan DOHA ba sa saurara musu, kuma ina tare da alƙalan. Wanda ya raina amanar dala dubu ta maƙwabcinsa, ban ga dalilin ba shi makullin ɗakin da rayukan mutane ke ciki ba. Addininmu ma ya raba biyun: ayar da ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri zuwa lokacin sauƙi tana cikin Baƙara, kusa da ayar da ta fi kowace tsawo, wadda ta ce a rubuta bashi. Ko a gida wannan tunani ba baƙo ba ne, tunda dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya sun sa nutsewa cikin bashi a jerin manyan laifuffukan ma'aikaci, tsarin mulki kuma ya hana wanda kotu ta ayyana karayar arzikinsa tsayawa takara har sai an wanke shi.

Ga 'yan uwanmu da ke wannan layi a Amurka akwai ƙarin nauyi. Fom ɗin yana tambaya ko kana tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi, kuma uwarka da ke Zariya ko Maraɗi 'yar ƙasar waje ce a idon takarda. Aika mata kuɗi ba laifi ba ne, amma sai an faɗa. Mai bincike da ya ga kana tura kuɗi gida duk wata alhali asibiti na bin ka, yana iya ganin ka fifita abin da ba dole ba a kan dole. A wurinmu kuwa ita ce dolen farko. Wannan sai an zauna an yi bayani, da rasit a hannu, ba tare da jin kunya ba. Mu ma muna da namu laifin. Mun ɗauki rufin asiri mun mai da shi rufe ido, mutum ya ƙi buɗe ambulan, ya ɓoye wa matarsa, ya shiga adashi biyu don ya biya na uku, ya ci bashin kati ya yi hidimar bikin ƙanwa don kada a ce ɗan Amurka ya gaza. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Manzon Allah da kansa ya bar duniya sulkensa na jingine a kan sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Babu abin kunya a cewa ana bin ka.

Abin da nake so a gyara ba shi da yawa. Wanda ya kai kansa ga jami'in tsaro kafin a gano shi, ya kamata ya san tabbas cewa za a haɗa shi da mai ba da shawara a kan kuɗi a kuma ba shi wa'adi, ba a fara shirin raba shi da aiki ba, kuma a rubuta wannan a fili yadda kowa zai yarda da shi. Bashin asibiti da na lokacin da gwamnati ta riƙe albashi a ware su tun a matakin farko, kada a bar mutum ya yi watanni yana kare kansa a kansu. Wanda aka kira gaban alƙali a samar masa wanda zai nuna masa irin takardun da ake so. Sannan ƙarfin da ake kashewa a kan ƙananan basussuka a karkata wani kasonsa zuwa ga manyan da rayuwarsu ta fi albashinsu.

Ɗan abokin nan nawa bai samu izinin wucin gadi da ake ba wasu su fara aiki da shi ba. Washegarin daren muka zazzage durowar a kan tabarma, muka buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, ashe har da takarda biyu da aka caje shi kuɗin abu guda. Ya buga wa asibitin waya suka yarda da biya kaɗan-kaɗan duk wata, ya daidaita da masu katin, ya sayi fayil mai aljihuna yana jera rasit bisa wata. A daren ne kuma ya gaya wa matarsa adadin. Kamfanin ya yi masa halacci, ya ajiye shi a wani sashe da ba ya bukatar izini, da albashi ƙasa da wanda aka yi masa alƙawari. Da sun sallame shi, da binciken ya tsaya cak ba tare da hukunci ba, don sai da kamfanin da ya tsaya maka ake ci gaba. Ya ƙara da tuƙin kai kaya da dare. Wata goma sha ɗaya aka ɗauka kafin amincewar ta zo, kuma har yau yana biyan asibitin.